Kabari na Uku: Baffa Sambo na Korin Marke

Baffa Sambo na Korin Marke ya rasu ranar Laraba, 14 ga Agusta 2024, jim kaɗan bayan sallar asuba, a rugarsa da ke tsallaken kori, bayan jinyar da ta kama shi tun farkon damina. Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma. Ina gida a lokacin, hutun makaranta ya kawo ni daga Dogon Dutsi inda nake koyarwa. Saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa a nan da idona na gan shi. Inda ban gani ba zan ce ban gani ba. Inda zargi nake yi kuma zan ce zargi ne.

Baffa, kai ne aminin mahaifina, kuma kai kaɗai ne a duniya ka taɓa ce mini in rage bincike in ƙara cin abinci. Ba ka taɓa zargin kowa ba a gabana. In an cuce ka sai ka ce mantuwa ce. In an sake sai ka ce mutumin yana da yawan mantuwa. Ni ba haka Allah ya yi ni ba, ka kuwa sani. Ka yi haƙuri da wannan rubutu, don ba duka zai yi maka daɗi ba.

Sai na fara da garin, domin wanda bai san Korin Marke ba ba zai gane abin da ya sa gawarka ta zama abin shawara ba.

Ƙauye ne a ƙasar Tibiri, a gefen Dallol Mawri, tsohon kwarin nan da ruwansa ya daina gudu a sarari tun kafin kakannin kowa, ya koma ƙarƙashin ƙasa. A fadama mutum ba ya shan wahalar haƙa kafin ya tarar da ruwa. Daga gabas wani kori yake gangarowa daga tudun duwatsu, ya bi ta gefen gari, ya faɗa cikin dallol. Mu gulbi muke ce masa, don mutunci. Mafi yawan shekara yashi ne kawai, jakuna na birgima a cikinsa. Amma da damina, in aka yi ruwa can kan tudu, ko ɗigo bai sauka mana ba, sai ya taso ja wur, da rugugin da ake ji tun bai iso ba, ya raba gari da tsallake har sai ya ga dama.

A ƙidayar ƙarshe an ce ba mu kai mutum dubu biyu ba. Wannan ya danganta da watan da aka zo ƙirga. Da rani rabin mazan garin suna Kamba ko Legas ko Kwatano, sai mata da tsofaffi da bashin da aka bari. Da damina kowa ya dawo, har da waɗanda ba a yi kewarsu ba. Cikin gari Arawa ne manoma. A tsallake kuma rugar Fulani ce, gidaje kaɗan, duk zuriyar mutum ɗaya, wato kakanka.

Sau biyu garin nan yana tashi. Wurin da aka fara zama yanzu tsakiyar kori ne. Wuri na biyu, inda aka haifi kakata, ruwa ya ci rabinsa a damina ɗaya, mutane suka kwashe sauran suka matsa sama. Gidaje sun tashi, rijiyoyi sun tashi, iyakokin gonaki sun tashi, kowa kuwa ya san iyakar gona ba ta tashi ita kaɗai. Abu ɗaya ne bai taɓa motsi ba: maƙabartar da ke kan tudu bayan gari. Shi ya sa magabatanmu suka ɗora hukuncin zama ɗan gari a kanta. Suka ce baƙon da aka ba aron ƙasa, ƙasar nan aro ce har sai an rufe mutum uku na gidansa a kan tudun, uba da ɗa da jika. Ranar da aka rufe na uku, aro ya zama gado, ba mai ikon tashin su. Ban san wani gari da yake yin haka ba, kuma ban same shi a cikin wani littafin da na karanta a Yamai ba. Namu ne.

Kakanka ya zo da shanunsa a wata shekarar yunwa, maigarin wancan zamani ya ba shi aron mashaya da fadamar da ke kewaye da ita a tsallake. Ba wata kyauta ba ce a lokacin. Laka ce da sauro, ba manomin da yake so. Kakanka ya rasu, aka tsallako da shi aka rufe a kan tudu. Mahaifinka ya rasu, aka rufe shi kusa da shi. Sai kai.

A tsakanin kabari na biyu da na uku kuma duniya ta canza. Injin ban ruwa ya zo. Rake da albasa da zogale suka fara kuɗi a kasuwar Kore Mairuwa. Garake, wato lambuna, suka cika fadamar da ke ɓangaren gari, suka tsallaka, suka yi ta matsowa har shinge ya zo daf da mashayarka. Lakar nan da ba mai so ta zama ƙasar da ta fi kowace kyau a garin. Kowa ya san haka, kowa kuma ya iya ƙirga zuwa uku.

Kai ma ka iya. Wata rana muna shan shayi a ƙofar bukkarka ka ce da ni, kana dariya: “Amatu, ni hwa mutuwata ta hi rayuwata amfani ga ɗiyana. In dai na mutu wurin da ya kamata.” Na ce ka daina irin wannan magana. Ka ce to, ka ƙara mini sukari.

Rayuwar taka kuwa ba ƙaramin amfani ta yi ba. Shekarar da mahaifina Is'haƙa ya rasu, ina aji na ƙarshe a makarantar firamare, ba wanda ya zaci zan wuce nan. Bayan an watse daga zaman makoki ka zo da karsana ja ka ɗaure a turken gidanmu, ka ce wa mahaifiyata Hawwa'u habbanaye ce: ta riƙe, abin da ta haifa namu ne, in ta gama a mayar maka da uwar. Mahaifiyata ta ce ba ta iya kiwon saniya ba. Ka ce saniyar ta iya kiwon kanta. Ɗan maraƙin farko shi ya kai ni Dutsi, na biyu ya kai ni Yamai. Da aka zo mayar da uwar ka tsaya kana dubanta kamar ba ka santa ba, ka ce wannan ta tsufa, ba ka da wurin ajiye tsofaffi, a bar ta inda ta saba. A gidanmu ta mutu.

Da rani, lokacin da manoma ke rububin a kwanar musu da shanu a gona don taki, ana biyanka da damin hatsi. Kai kuwa gonakin gwauraye mata kake fara bi, waɗanda ba su da damin bayarwa. Masu hali su yi ta jira suna gunaguni. In sun yi magana sai ka ce shanun ne suka zaɓa, kai bin su kake yi.

Akwai shekarar da shanunka suka shiga waken wani dattijo a bakin burtali. Ba wanda ya gani. Kai da kanka ka tafi gidansa da sassafe ka kai ƙarar kanka, ka kuma tsaya kan cewa ɓarnar ta fi yadda yake faɗi. Mutumin ya shirya faɗa bai sami abokin yi ba. Har ya mutu yana jin haushin wannan abu.

Ba waliyyi ba ne kai. Hasashenka na ruwan sama bai cika faɗawa daidai ba, kuma ba ka taɓa yarda ka yi kuskure ba, sai dai ka ce hadarin ne ya sake shawara. Ba ka son babur, ba ka son mai babur. Ka hana ƴarka ta fari karatu, daga baya ka yi nadama ka tura ƙannenta, amma ba ka taɓa ce mata ta yafe maka ba, sai dai ka riƙa ba ta saniya duk lokacin da abin ya taso maka. Tana da garke yanzu.

Da ciwon ya kama ka, sai na ga wani irin tausayi ya sauko wa garin wanda ban saba gani ba. Mutanen da ba su taɓa taka rugarka ba suka riƙa tsallakawa gaisuwa, kowa da shawara ɗaya: a kai ka babban asibiti, Doso ko ma Yamai. Wanda ya fi kowa nacewa shi ne Baba Alhassan, ƙanen mahaifina, abokin wasanka tun kuna yara, wanda garkar rakensa ta yi iyaka da mashayarka. Har mota ya ce zai nemo, shi zai biya mai. Kowa ya san wanda ya rasu a asibitin Yamai da damina a Yamai ake rufe shi. Ba wanda ya faɗi wannan, ba a kuwa buƙatar a faɗa.

Sai dai ni ma shawarar da na ba ka ke nan, kuma ni da zuciya ɗaya na ba ka, don ina so ka warke. To ta yaya zan rantse cewa tasa ba da zuciya ɗaya ba ce? Ba zan iya ba. Abin da na sani shi ne ka yarda an kai ka likita a Tibiri, aka duba ka, aka ba ka magani, ka ce a mayar da kai gida kafin rana ta faɗi. Ka gode wa Baba Alhassan ƙwarai. Ka ce ba ka taɓa sanin yana son ka haka ba. Na dubi fuskarka ina neman alamar ba'a, ban samu ba. Har yau ban sani ba ko babu ce, ko ka fi ni iya ɓoyewa.

Ranar Talata aka yi ruwa mai yawa a kan tudun gabas. Da gari ya waye ranar Laraba kori ya cika baki da baki, yana ɗauke da itatuwa da shingayen mutane. A cikin wannan rugugi labarin rasuwarka ya iso ta salula, daga bakin babban ɗanka Isma'ila. Kafin hantsi maza sun taru a gindin marken da ke bakin ruwa, mu mata muna tsaye daga baya. Muna hango mutanen ruga a ɗaya gaɓar, su ma suna hango mu. Maigari ba ya nan. Ya tafi Tibiri tun ranar Talata, kamar yadda yakan tafi duk ranar da za a buƙace shi.

Wanda ya fara magana shi ne Malam Abdulhakim, limamin sabon masallaci, saurayi mai shagon taki da injin ban ruwa a Kore Mairuwa. Ya ce gaggauta jana'iza sunna ce, ƙasa duk ta Allah ce, ruwan nan kuwa ba alamar zai janye yau. A yi maka sutura a can, a sallace ka a can, a rufe ka a can. Maganar kabari uku kuma, in ji shi, al'ada ce da ba ta da tushe a addini.

Ban yi mamakinsa ba, abin da yake faɗi ke nan kullum, ko da yake na tuna abin da yake sayarwa da kuma waɗanda suke saye. Wanda ya ba ni mamaki shi ne Baba Alhassan.

“Malam ya hwaɗi gaskiya,” in ji shi, da ƙarfi. “Mu mi munka sani? Abin da malamai sunka ce, shi za a bi.”

Mahaifiyata, da ke tsaye kusa da ni, ta ja mayafinta ta ce ƙasa-ƙasa: “Yau kuma? Shekaranjiya ya ce yaron ga ko alwala bai iya ba.”

Shekara da shekaru Baba Alhassan bai taɓa bin Malam Abdulhakim sallah ba. Ba su taɓa yarda da juna a kan ganin wata ba, ko kan sadakar mamaci, ko kan tsawon wando. Ranar nan sai ga shi kowace kalma ta malam ta zama zuma. Masu garake da ke wurin suka yi ta gyaɗa kai, su ma duk sun zama almajiran sunna cikin safiya ɗaya.

Aka kira Isma'ila, aka buɗe muryar salula kowa na ji, aka gaya masa abin da jama'a ta gani. Isma'ila mutum ne mai kunya kamar kai, ba zai iya musu da sa'o'in ubansa ba. Sai muka ji wata murya ta karɓi wayar. Goggo Altine ce, matarka, wadda tun da nake ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban maza ba.

“Wa ke magana? Alhassan na?”

“Ni na, Altine. Allah shi ba ku haƙuri.”

“Amin. Ku gina kabari kusa ga na babanai. Muna zuwa.”

“Altine, ke ba ki ga ruwan ga ba?”

“Gabana yake. Ku dai gina.”

Ta kashe wayar.

Aka aika a ɗauko diga da shebur na haƙa kabari, waɗanda ake ajiyewa a zauren tsohon masallaci tun ina yarinya. Ba su nan. Aka ce an ba wani aro ya gyara madatsin garka. Wane ne? Ba wanda ya tuna. Yaushe? Ba wanda ya tuna. Mai yiwuwa ne haka abin yake, da damina kowa na neman shebur. Ni dai na lura ba wanda ya yi mamaki.

Mahaifiyata ta juya ta nufi gida, ta dawo da tsohuwar digar mahaifina da hauyarta, ta ajiye su a gaban maza, ta koma inda take. Wata mata ta bi bayanta, sai wata. Kafin a jima an tara hauyoyi a gindin marke kamar ranar gayya. Mafi yawan matan nan waɗanda shanunka suka kwana a gonakinsu ne. Maza suka tsaya suna duban kayan kamar ba su san amfaninsu ba.

Wanda ya fara sunkuyawa Malam Abdulhakim ne. Ya ɗauki digar ya miƙa wa samarin masallacinsa, ya ce su hau tudu. Ya ce: “In dai za su zo, to mu gaggauta. Gaggawar ita nika nema tun farko.” Wannan karon Baba Alhassan bai ce malam ya faɗi gaskiya ba.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Isma'ila da ƙannensa suka koro manyan shanunka zuwa bakin ruwa, sama da mashigi kaɗan. Suna kiran su da sunayensu, suna shiga da su ɗaya bayan ɗaya, har bajimai suka jeru a cikin kori kafaɗa da kafaɗa, ƙahoni da hanci kawai ake gani. Ruwa ya riƙa dukan haƙarƙarinsu yana tashi, amma ƙasa da su sai ƙarfinsa ya ragu. Ta wannan inuwa aka shigo da makararka a kan kawunan maza, ruwa har ƙirji. Suna tafe a hankali, suna laluben yashi da ƙafa. Da suka kai tsakiya ɗaya ya zame, makara ta karkace, mata suka ɗauki salati. Malam Abdulhakim ya riga ya shiga ruwa. Wandonsa dama bai kai idon sawu ba, bai ɓata lokacin naɗewa ba. Shi ya tallafi gefen da ya karkace, wasu suka bi shi, har da ƴaƴan masu garake, waɗanda ba su tsaya duban fuskar iyayensu ba. Goggo Altine tana tsaye a ɗaya gaɓar, ba ta kau da kai ba, ba ta kuma yi kuka ba sai da ƙafar na ƙarshe ta taka ƙasar gari.

Mu mata ba mu zuwa maƙabarta. Na dai bi har gindin tudu, inda zan iya hango wurin da aka haƙa. Gabas da kalgo ne, kusa da mahaifinka. An ce mini Baba Alhassan yana sahun farko a sallah, shi ya karɓe ka a cikin kabari, ya yi kuka har aka riƙe shi. Na gan shi da ya sauko, idanunsa jajur. Hawayen gaskiya ne, ba na shakka. Kun yi wasa a yashin korin nan tun ba ku da riga. Amma na sha ganin mutum yana kukan gaskiya yana kuma lissafin gaskiya a lokaci ɗaya, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Karsana ɗaya ruwa ya ƙwace a wurin tsallakawa. Kowa ya ɗauka ta tafi. Washegari aka same ta da ranta a cikin garkar Baba Alhassan, ta ci raken da ta ci, ta tattake sauran. Har yau bai ce uffan a kan ɓarnar ba. Mutane suna yaba masa. Ni shirun nan ya fi damuna fiye da a ce ya yi faɗa.

Na zaci magana ta ƙare. Ashe saura tarihi. Ruwa ya janye, aka zauna makoki a ruga, sai ga wani sabon labari yana yawo tsakanin tabarmi. Wai kabarin farko ba na kakanka ba ne, na wansa ne. Wai kakanka a wurin mashekari ya rasu, inda ya kai shanu kiwon rani can kudu, ba wanda ya san inda aka rufe shi. In haka ne, kai na biyu ne ba na uku ba, sai a jira Isma'ila, wanda lafiyarsa lau. Na yi shekaru ina tambayar tsofaffin garin nan tarihinsa, na zauna da waɗanda suka ga tashin gari na biyu, ban taɓa jin wannan wa ba. Na bi labarin baki-baki ina tambayar kowa wa ya gaya masa. Kowa ya nuna wani. Sawun ya kai ni har majalisar da masu garake suke zama da yamma, a nan ya ɓace. Ban ce a nan aka haife shi ba. Na ce a nan ya ɓace.

Maigari ya dawo daga Tibiri ya zo gaisuwa, ya tarar da maganar tana jiransa. Ya yi ta juya carbi yana cewa abu ne mai wuya, kaburbura ba su da suna, sai an bincika. Na san irin wannan bincike, yakan kai shekara ashirin, kafin a gama shinge ya gama nasa aikin. Isma'ila ya sunkuyar da kai. Muna daga bayan zana muna ji.

Sai Malam Abdulhakim ya yi gyaran murya.

“Maigari, tun ina yaro nika ganin dattawan ga suna nuna kabarin nan suna cewa na kakan Sambo na. Ko can kunka yi ƙarya, ko yanzu. Ku zaɓi guda, in san wadda zan yi wa huɗuba ran Juma'a.”

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari.

Ya ci gaba da cewa shi har gobe bai yarda kabari yana ba mutum ƙasa ba. Amma kakanninmu sun yi wa baƙonsu alƙawari a gaban shaidu, baƙon da zuriyarsa sun cika nasu ɓangare, har sun sa rayukansu da dukiyarsu a ruwa don su cika shi. Al'adar ba ta da tushe a addini, in ji shi, amma cika alƙawari yana da shi, kuma ya san ayar.

Maigari ya dubi dama, ya dubi hagu, bai ga wanda ke shirin zaɓar ɗaya daga cikin ƙaryar biyu ba. Sai ya ajiye carbi ya faɗi kalmomin da ake faɗi: mashaya da fadamarta sun fita daga aro, gadon ɗiyan Sambo ne, su da jikokinsu. Aka shafa fatiha. Wanda ya fi kowa ɗaga murya da amin Baba Alhassan ne.

Na zargi Malam Abdulhakim ranar Laraba, kuma a gaban masu karatu nake rage wannan zargi. Ban janye shi duka ba, don Fulani ma suna iya sayen injin ban ruwa. Amma na ga ruwa a ƙirjinsa, kuma ruwan bai san ko shi limami ne ba. Sauran kuwa, Allah ne ya san zukata. Ni ido kawai aka ba ni, zan kuma ci gaba da sa shi a kan shingen nan duk lokacin da na zo hutu.

Baffa, ka mutu wurin da ya kamata. Ka kwanta, ba sauran mai ce wa ɗiyanka su kwashe turakunsu.

Ya Allah, ga bawanka Sambo ya zo maka, ba shi da garke yau sai abin da ya bayar. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa makwancinsa, ka sanyaya shi kamar yadda ya sanyaya gidajen marayu. Ka yafe masa abin da muka sani da abin da kai kaɗai ka sani. Ka haɗa shi da mahaifinsa da kakansa da aminin nan nasa Is'haƙa a gidan da ba a tashin kowa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo Altine, Allah ya ba ta ladan haƙurin da ta yi da kuma na wanda ta ƙi yi. Ga Isma'ila da ƙannensa maza da mata, Allah ya albarkaci abin da aka bar muku, ya sa ku fi mahaifinku buɗe ido ba tare da kun rasa zuciyarsa ba. Ga dukan mutanen ruga da na cikin gari, da waɗanda labarin ya iske a wurin cin rani. Ga kuma Baba Alhassan, wanda a rana ɗaya ya rasa abokin yarinta ya kuma sami maƙwabta na har abada, Allah ya ba shi haƙurin duka biyun. Amin.

Amatullahi Is'haƙa
Dogon Dutsi